Farar Takardar Da Na Ɗaga A Bakin Shinge

Guangzhou, farkon watan Nuwamba

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, tare da fatan kina lafiya, ke da Ilu da Kawu Shehu da duk mutanen gida. Yaya ƙafarki? Ranar da muka yi waya na ga sai da kika dafa bango kafin ki zauna, ban tambaya ba ne saboda Baba yana kusa. Mu muna nan ƙalau, sai kewarki.

Za ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali ga waya. Baba ne ya hana mu faɗin komai a waya in ba gaisuwa ba, ya ce duk abin da aka faɗa akwai mai ji. Ni kuma magana ta taru mini a ciki, kuma kin san ba na iya ta da baki. Anti Fasuma, matar Malam Illa ɗan Maraɗi da ke hawan ƙasan namu, ita ta koya mini dabara. Ta ce in ninke takardar in sa a aljihun wando ɗaya cikin jins ɗin da Baba yake ɗaukowa daga Xintang, in ɗaura masa jan zare. Na gaya wa Kawu Shehu akwai tsarabarki a wando mai jan zare, idan kayan jirgi sun isa shagonsa a Kwari zai kawo miki. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san inda karatuna ya tsaya.

Garin nan ya koma kamar lokacin da kika tafi haihuwar Ilu aka rufe hanya a bayanki. Kullum da safe sai mun bi layin gwajin korona an zura mana tsinken auduga a maƙogwaro. Idan alamar da ke wayar mutum ta daina zama koriya, ko biredi ba zai iya saya ba. Rabin shagunan kasuwar Canaan a rufe suke, kuma ba a Juma'a a masallacin Huaisheng. Baba yana wuni a falo yana kiran masu shaguna, kowa ya ce masa meyo, wato babu. Anti Fasuma ta ce yanzu ko sallama ka yi wa ɗan Chaina, meyo zai amsa maka.

A watan jiya masu mulkin ƙasar nan suka yi babban taron jam'iyyarsu. Malam Illa ya hawo ya nuna wa Baba wani bidiyo da aka turo masa daga Yamai. Wani dattijo ne mai furfura aka kama hannunsa ana fitar da shi daga zauren taron, manyan da ke zaune a jere kowa ya kafe idonsa gaba. Baba ya kalla sau ɗaya ya ce a goge. Ya ce idan manyansu suna haka a tsakaninsu, ƙananan ma'aikata tsoro suke ji, kuma in sun ji tsoro mu baƙi suke fara dubawa. Sai na tuna shekarar da aka riƙa fitar da baƙaƙen fata daga gidajen haya, muka yi kwanaki da kayanmu a ɗaure a bakin ƙofa. Ba don Ayi ba, tsohuwar nan mai gidanmu, da mu ma a titi muka kwana.

Yaya Sharfaddeen yana lafiya, amma an kulle jami'arsu da ɗalibai a ciki, ba shiga ba fita. Duk ranar Lahadi nakan kai masa dambu ko shinkafa da wake ta shingen ƙarfe na baya. Kular abinci ba ta shiga tsakanin ƙarafan, sai in ƙulla a leda. Akwai wata yarinya 'yar ajinsu mai gilashin ido, siririya, ita take zuro hannu ta karɓa, don hannun Yaya ba ya wucewa. Ya koya mata cewa sannu. Ranar nan ta ɗanɗana yajinmu, hawaye na zuba tana dariya tana ɗaga mini babban yatsa. Ni kuwa sai na sunkuyar da kai.

Saura shekara ɗaya Yaya ya zama likita. Baba ba ya idar da sallah bai ambaci wannan ba. Ki taya mu addu'a.

Ki shafa mini kan Ilu, ki ce masa yana da yaya a Chaina.

'Yarki,
Maijidda

Guangzhou, ƙarshen watan Nuwamba

Ummata,

Assalamu alaikum. Da fatan kin tashi lafiya, da Ilu da kowa. Allah ya sa wasiƙata ta farko ta same ki. Lafiyar jiki muna da ita, amma Umma na jawo mana abu.

An yi gobara a wani gari can yammacin ƙasar nan, inda Musulmi suke da yawa, mutane suka mutu a gidan bene. Jama'a suna cewa dokar kullen ce ta hana su tsira, hukuma ta ce ba haka ba ne. Daga nan ɗalibai suka fara fitowa suna tsayawa, kowa riƙe da farar takarda wadda ba a rubuta komai a kanta ba. Wai tunda duk abin da suka rubuta laifi ne, to ga ta nan fara, kowa ya san abin da ake nufi. Wallahi ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba ranar Lahadi. Ba wanda yake gaya mini irin waɗannan abubuwa.

Na isa shingen bayan la'asar. Na ga ɗalibai tsaye a fili shiru, na ɗauka layin gwaji ne. Yarinya mai gilashi tana cikinsu, ba ta zo karɓar abinci ba. Yaya ya zo da sauri, ya sa na cilla masa ledar ta sama, ya ce in juya gida yanzu yanzu kada in tsaya. Ina juyawa masu gadi suka shigo filin, ɗalibai suka watse da gudu. Na ga takarda ta suɓuce daga hannun mai gilashin, iska ta ɗauko ta ta tsakanin ƙarafa, ta faɗi a gabana dab da kwata, ga mutane suna tahowa za su taka.

Kin san abin da kika koya mana tun muna Kano. Ba a wuce takarda a ƙasa, don ba ka san ko akwai sunan Allah a jikinta ba. Har kin taɓa mayar da ni daga bakin titi in ɗauko guntuwar takardar ƙosai. A nan ma haka nake yi, musamman a layin masallaci. Ban yi tunani ba, na sunkuya na ɗauka. Na duba gaba babu rubutu, na juya baya babu. Sai na ce ko da fensir aka yi ya dushe, na ɗaga ta sama da hannu biyu saitin rana ina dubawa. Na ji Yaya yana kwaɗa mini kira, na ɗauka faɗan ban tafi ba ne. Na ninke ta na sa a jaka na taho da ita har gida.

Ranar Talata Malam Illa ya hawo ko takalmi bai sa daidai ba. Ya miƙa wa Baba waya. Ni ce, Umma. Ga shuɗin hijabina, ga takunkumi a fuskata, ga farar takarda na ɗaga sama da kaina. A bayana ga Yaya riƙe da ƙarfen shinge, ya sauke takunkuminsa zuwa haɓa yana kirana, fuskarsa ta fito tar. An yi rubutu da Faransanci a ƙasa, Malam Illa ya ce wai har matan Afirka Musulmi sun fito suna goyon bayan ɗalibai. Daga Yamai aka turo masa. Ya ce in har ya kai Yamai, to babu inda bai kai ba.

Baba bai dake ni ba, bai ma ɗaga murya ba. Ya tambaye ni dalili, na faɗa masa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in ɗauko takardar. Ya ƙona ta a wurin wanke-wanke, ya sakar wa tokar ruwa. Da ma ya dake ni.

Tun jiya wayar Yaya ba ta shiga. Gwamnatin Chaina ce take biya masa karatun nan, kuma Baba ya ce sharaɗin farko da suka sa masa shi ne babu ruwansa da siyasarsu. Idan aka kore shi, shekarun nan duk sun tafi, kuma ni ce sanadi. Ba laifinki nake gani ba, kada ki ɗauka haka.

Ki yi mana sadaka ko ta ƙosai ce.

'Yarki,
Maijidda

Guangzhou, cikin watan Disamba

Ummata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ƙafar kuma ta yi sauƙi. A gaishe da Kawu Shehu, a ce na gode da wahalar da yake yi. Baba ya yi zazzaɓi amma ya tashi.

Abin mamaki, an cire shingayen unguwa, an kwashe rumfunan gwaji kamar ba a taɓa yi ba. Wasu suna cewa ɗalibai ne suka yi nasara. Amma waɗanda suka tsaya ɗin ana bin su ɗaya bayan ɗaya, kuma an ce 'yan sanda suna tare matasa suna duba wayoyinsu. Duk sanda na ji tafiya a matakala sai in kasa kunne in ji ko ƙofarmu za a buga.

Yaya ya kira Baba da wayar wani. An karɓe katinsa na ɗalibi, an hana shi shiga aji sai an gama bincike. Ga abin da na fahimta ina jin su daga kicin. Manya biyu ne a jami'ar suke ja a kansa. Ɗaya mutumin jam'iyya ne, shi yake sa ido a kan kowa. Yanzu ana ta cewa akwai hannun 'yan ƙasar waje a abin da ya faru, shi kuma yana son ya samu baƙo ya nuna wa na sama da shi, don kada a ce yaransa ne suka tashi yana zaune. Ɗayan shi ne mai kula da ɗalibai baƙi. Kujerarsa a kan ɗaliban Afirka take, bangon ofishinsa duk hotunansa ne da jakadu. Ya gaya wa Yaya cewa na can sama ba sa son wata rigima da ƙasashenmu irin ta shekarar korar haya, saboda ayyukan jirgin ƙasa da kasuwancin da ke tsakani. Baba ya so ya kai maganar ofishin jakadancinmu, mai kula da baƙin ya aiko cewa kada ya soma, in ta zama ta ƙasa da ƙasa babu mai iya kashe ta. Yaya ya ce mutanen biyu ko shayi ba sa sha a teburi ɗaya.

Za a kira ni a yi mini tambayoyi. Na ce wa Baba ai da sauƙi, zan faɗi gaskiya, sunan Allah nake dubawa. Ya ce wannan ita ce magana ɗaya da ba za ta fito daga bakina ba. Waɗanda suka mutu a gobarar Musulmi ne. Idan yarinya mai hijabi ta ce saboda sunan Allah ta ɗaga takardar, mutumin jam'iyya ya samu fiye da abin da yake nema, kuma ba Yaya kaɗai zai shafa ba, har masu zuwa masallaci. Umma, tunda nake Baba bai taɓa ce mini in yi ƙarya ba. Da ya faɗa, shi ya fara kawar da kai.

Ayi ce ta kawo dabara. Kin san tana tara kwalaye da tsofaffin takardu da robobi tana sayarwa, kamar yadda tsofaffin nan suke yi. Ta ce a ce ni yarinyarta ce mai taya ta, duk takardar da na gani ɗauka nake yi. Don maganar ta zauna, kullum da safe ina bin ta da kura muna zaga unguwa, muna bi ta ƙarƙashin kyamarori da gangan. Ita take nuna mini inda suke da haɓarta. In na yi sanyin jiki ta daka mini tsawa da yarensu, in mun sha kwana ta ba ni lemo daga aljihunta.

Kunya kamar in nutse. Mutanenmu suna ganina. Wani ya tare Baba yana tambaya wai kasuwar ta kai ga haka ne, 'yar Alhaji Shitu a bola, in ana buƙatar taimako a faɗa. Baba ya ce masa motsa jiki nake yi. Anti Fasuma kuwa ta sa mini suna lawban ɗin bola, wato uwar ɗakin masu shara, kullum sai ta leƙo ta tambaye ni nawa kilo yau, ko za a ba ta sari. Na san don in yi dariya take yi.

Abin da ya fi damuna, Ayi da ƙafa take tattake kwalaye su kwanta. Shekaranjiya muka samu kwalin dabino na ƙasar Larabawa da bisimilla a gefensa. Na faki idonta na yage wurin na tura cikin hijabina, gabana yana faɗuwa ko kyamara ta gani. Yana ƙarƙashin matashina, ban san yadda zan yi da shi ba.

Ina ta maimaita abin da zan faɗa, amma in baƙo ya kalle ni harshena ɗaurewa yake yi. Ki roƙa mini Allah ya buɗe bakina, ko ya rufe shi, duk wanda ya fi alheri ga Yaya.

'Yarki mai kewarki,
Maijidda

Guangzhou, ƙarshen watan Disamba

Ummata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Ilu da duk wanda ya tambaye ni. Da fatan kuna lafiya. Wataƙila in riga wasiƙar nan isowa, amma gara in rubuta, don in na zo ba zan iya faɗa ba.

Yaya ya koma aji. Ki fara yin hamdala kafin ki karanta sauran.

Da safe aka kira mu wani ofishi a jami'ar. Aka bar Baba a waje. A ciki akwai dogon teburi, mutumin jam'iyya a wannan ƙarshen, mai kula da baƙi a wancan, da wata 'yar sanda mai rubutu a tsakiya. Ba su da mai jin Hausa, sai aka kawo Yaya ya yi tafinta. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ban samu na gaishe shi ba.

Suka nuna mini hoton, suka tambayi dalili. Na faɗi maganar Ayi da kwalaye ina kallon teburi. Mai kula da baƙi ya yi ta gyaɗa kai, har ya nuna hotunana da kura a wayarsa. Na ɗauka an gama. Sai mutumin jam'iyya ya buɗe jaka ya baje hotunan fuskokin ɗalibai a gabana. Ya ce tunda ina wurin, in nuna daga hannun wa takardar ta fito, in na nuna shi ke nan yayana ya fita.

Tana cikinsu, Umma, mai gilashin. Idona ya je kanta ya tsaya, na kasa ɗauke shi, kuma ina jin mutumin yana bin idona da nasa. Na san in na ɗaga yatsa Yaya ya tsira, kuma na san hannun da yake karɓar masa abinci ne. Ban san abin da zan yi ba, har yanzu ban san abin da da na yi ba.

Sai na ji Yaya ya yi dariya, wata irin dariya da ban san shi da ita ba. Ya ɗora yatsa a gefen kansa ya juya shi, yana yi musu magana mai tsawo da yarensu. Sannan ya juyo yana murmushi kamar mai lallashin yaro, ya ce mini da Hausa in ƙirga hotunan da ƙarfi ina taɓa su da yatsa, kuma in yi kuskure. Na yi. Na ce ɗaya, biyu, biyar, na koma baya, na taɓa kofin shayin 'yar sandar na ƙirga da shi. Ta fashe da dariya. Mai kula da baƙi ya fi kowa dariya, ya ciro alewa ya ba ni, ya shafa kaina ta saman hijabi. Mutumin jam'iyya bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallona, ni kuma ina tsotsar alewa, sannan ya tattara hotunansa.

Daga baya Baba ya gaya mini abin da Yaya ya ce musu. Wai zazzaɓi ya taɓa mini ƙwaƙwalwa tun ina jaririya, shi ya sa ban wuce firamare ba, shi ya sa ba na magana, kuma duk fuskokin 'yan Chaina ɗaya nake ganinsu. An rubuta, ya sa hannu. Hukuncin da suka yanke shi ne ya ci gaba da karatu, ni kuma in bar ƙasar, tunda mai irin lalurata wurin uwarta ya kamata ta zauna. Malam Illa ya ce kowannensu ya samu abin kai wa na sama, ɗaya ya kori baƙuwa, ɗaya ya riƙe ɗalibinsa.

Na yi murna, Allah ya sani. Zan gan ki, zan ɗauki Ilu. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Yaya bai yi jinkiri ba ko kaɗan, kamar maganar tana nan a ajiye. Su ma ba su sha wahalar yarda ba. A bakin ƙofa ya kasa kallona, ya ambaci sunana kawai, Jidda, sai aka kira shi ya tafi. Mai gilashin kuwa ban san halin da take ciki ba, kuma ba ni da wanda zan tambaya.

Ina roƙonki abu biyu. Idan Yaya ya kira ki, kada ki tambaye shi abin da ya faɗa, ki sa masa albarka kawai, yana da jarrabawa a gabansa. Kuma kada Kawu Shehu ya ji, kin san shagonsa ba ya riƙe magana. Anti Fasuma ta yi alkawarin za ta riƙa aiko wa Baba abinci, don ko ruwan zafi sai ya tambaye ni inda tukunya take.

Tsorona bai ƙare ba. Yaya ya aiko cewa mutumin jam'iyya bai gamsu ba, kuma har sai jirgi ya tashi dole in zama yadda aka rubuta. Ko a matakala, ko a kanti, ko a filin jirgi, in an yi mini magana kada in amsa da wuri, in bar bakina a ɗan buɗe, in riƙa kallon wani wuri. Kullum ina gwadawa a gaban madubi. Jiya Baba ya kira ni daga falo, ina jin sa, na ƙi amsawa har sau uku, alhali mu biyu ne kawai a gidan. Ya zo ya tsaya a ƙofar kicin yana kallona.

Saboda haka idan kin zo tarbata kika kira sunana ban amsa ba, kada ki tsorata. Ni ce, lafiyata ƙalau. Ki sake kira.

Ina gaishe ki har mu haɗu.

'Yarki,
Maijidda Shitu